Lalle Ba Zai Taɓa Yatsuna Ba

Na ga saƙonninku, duk na karanta. Masu cewa, "Ummu Hani ki yi haƙuri, namiji irin Musaddiq ba a tsintarsa a hanya," na gode, Allah ya ba ku irinsa ku kai gida ku ajiye. Yau ba doguwar gaisuwa, don raina a ɓace yake.

Wadda ta shigo yau ba ta san ni ba, ga ni a taƙaice. Ɗiyar Malam Bawa mai albasa ce ni, ta Argungu. Shekarata ashirin da huɗu, ina zaune a Badariya cikin Birnin Kebbi wajen ƙanwar babana, Goggo Tamba. Burina ɗaya ne, in shiga makarantar koyon aikin jinya, kuma abu ɗaya ne ya tsaya mini a maƙogwaro, Turanci. Sau biyu ina zana jarabawar kammala sakandare. Lissafi na ci, kimiyya na ci, har darasin da 'yan ajinmu ke kuka a kansa na ci, Turanci ya kayar da ni ƙasa warwas. Wannan ne karo na uku, ina zanawa a matsayin 'yar waje, kuma Baba ya faɗa mini da bakinsa cewa shi ne na ƙarshe. Ba da faɗa ya faɗa ba. Cewa ya yi in ban samu ba wannan karon, in ɗauka Allah bai rubuta ba, in zauna.

Kuma kada wata ta zo tana tausaya mini wai an yi mini dole. Babu wanda ya yi mini dole. Ni na ga Musaddiq na ce ina so. Dogo ne, baƙi, mai sanyin murya, ma'aikacin ofis, gidan iyayensa na Gesse. In yana magana da abokan aikinsa a waya Turanci zuba yake yi daga bakinsa ba gargada, ni kuwa in saki baki ina kallo kamar sakarya. Ina jin rabin son da na fara yi masa ma daga nan ya samo asali.

A Gesse ɗin nake zuwa darasin yamma wajen Malama Ɗayyaba. Gajeriya ce mai tabarau, ta yi ritaya daga koyarwa, ta mai da garejin gidanta aji. Benci huɗu, allo ɗaya, da fanka mai kukan da ya fi iskarta yawa. Yawancinmu mata ne da Turanci ya taɓa kunyatawa, har da mai goyo. Wannan matar ita ce ta fara sa na ji cewa kaina ba dutse ba ne.

Ranar da ta shigo da darasin da ya fi ba ni wuya, sai ta rubuta kalmomi biyu a allo, gerund da infinitive, ta juyo ta ga yadda muka yi zuru.

"Ku kwantar da hankalinku, suna ne kawai mai ban tsoro," ta ce. "In aikatau biyu suka haɗu a jimla, na biyun ba ya zuwa haka nan tsirara. Ko dai ya sa jela, ko ya zo da ɗan rakiya. Jelar ita ce ing a ƙarshe, shi ne gerund. Ɗan rakiyar shi ne to a gaba, shi ne infinitive. Enjoy jela yake so, I enjoy cooking. Decide ɗan rakiya yake so, I decided to cook. In kika ba enjoy ɗan rakiya, kin zubar da maki."

Na ɗaga hannu. "Malama, to ta yaya zan gane wanda ke son jela da wanda ke son rakiya?"

"Ba ganewa za ki yi ba, saninsu za ki yi. Yadda kika san wace maƙwabciyarku ce ke cin yaji, wace ce ba ta ci. Wa ya ba ki doka a kan wannan? Zama da su ne."

Sai na zauna da su. Ina wanke-wanke ina jero 'yan jela, avoid, finish, mind, keep. Ina shara ina jero 'yan rakiya, want, hope, agree, refuse. Har Goggo Tamba ta leƙo madafa wata rana da carbi a hannu ta ce, "Wai ke da wa kike magana nan ciki? In wani abu ya shige ki ki hwaɗa mini tun da wuri a nemi magani." Na yi dariya har na kusa kifar da tukunya.

A wannan aikin Musaddiq ya taimake ni, ba zan ci haƙƙinsa ba. Kullum da safe zai turo mini kalma ɗaya a waya, ni kuma in gina jimla in mayar masa. Ya rubuto "Finish." In rubuta "I finished washing the plates." Ya rubuto "Da kyau, Malama nas." In na ba kalma abin da ba ta so, ya turo hoton fuskar nan mai rufe ido da hannu, in gyara. Ku faɗa mini, wace ce ba za ta narke ba? Shi ya kai ni wajen rajistar jarabawa a motarsa. Yana tsaye a bayana na dangwala yatsuna goma a na'ura ɗaya bayan ɗaya. Shi ya karanto mini ranar da za a yi Turanci da bakinsa, Asabar ta biyu cikin watan, ya ce shi zai kai ni ya jira ni a ƙofa. A cikin motar muna dawowa na ce masa, "Maganar sa rana, ko wace rana kuka ga dama ku sa, amma bayan jarabawa." Ya ce, "An gama, ranki ya daɗe." Ku riƙe wannan.

Wani abu kuma da Malama Ɗayyaba ta ja mana kunne a kai, ta cire tabarau ta nuna mu da shi ɗaya bayan ɗaya. "'Yan kwalliya, ku saurare ni. Daga yau har ku gama jarabawa, kada wadda ta sa lalle a yatsu. Na'urar dangwale da ke ƙofar ɗakin jarabawa ba ta gane yatsan da ya sha lalle. Ina da ɗalibar da ta je bikin ƙawarta ta sha ƙunshi, ta tsaya a rana tana goga yatsa da lemun tsami da toka tana kuka, har aka rufe ƙofa. Ta fi ku duka ƙoƙari, yanzu tana gida." Tun daga ranar ko jan farce ban ƙara shafawa ba.

To, ana nan sai wata safiya wayar Goggo ta yi ƙara. Ina jin ta tana "To, to, madalla," sai ta ajiye waya ta rangaɗa guɗa a tsakar gida har kajin maƙwabta suka watse. Magabatan Musaddiq sun je Argungu an sa rana. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi 'yar rawata ni kaɗai. Na ɗauko atamfata ruwan ƙasa mai ɗigon shuɗi, ɗinkin riga da siket, na yafa mayafi ruwan madara, na sa ɗan kunnen da ya saya mini da Sallah. Muka hau mota a tasha, ina gefen taga ina kallon fadamun shinkafa ina murmushi kamar wadda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Gidanmu tun daga bakin lungu za ki san kin iso, don warin albasa ne zai fara yi miki sannu da zuwa. Buhuna jibge a ƙofar gida, a ciki kuma mata cike da tsakar gida, an ture shinkafar da aka shanya gefe ɗaya, tukunyar miyar kifi na tafasa. Ga goro, ga alawa, ga biskit, ana ƙullawa a leda ana aikawa gida gida. Aka yi ta ja na ana tsokana, wannan ta ce amarya ta yi haske, waccan ta ce Birnin Kebbi ta karɓe ta. Na sunkuyar da kai yadda ake so. Can na matsa kusa da wata matar kawuna na tambaye ta a hankali wace rana aka sa.

"Au, ba ki sani ba? Asabar ta biyu cikin watan gobe."

Na ce ta sake faɗa. Ta sake faɗa. Wallahi sai na ji hayaniyar gidan ta koma can nesa. Ban san lokacin da na tashi na fita ba, ko takalmi ban sa daidai ba.

Na sami Baba a rumfar albasa bayan gida, yana tsugune yana ware masu taushi daga masu ƙwari. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, ranar da anka sa."

"Mi ya samu ranar?"

"Ranar jarabawata ce. Ranar Turanci."

Ya ajiye albasar da ke hannunsa. "Na tambayi kawun Musaddiq, na ce yaran sun yi shawara tsakaninsu? Ya ce yaro da kanshi ya zaɓi ranar. Na sake tambaya, ya sake ba ni wagga amsa. Da ban tambaya ba, da sai in ce laihina ne."

"To a ɗaga, Baba. Ko da mako ɗaya ne."

"Goro ya shiga gidaje, ɗiyata. In na aika yanzu na ce an ɗaga, babu mai cewa jarabawa. Cewa za su yi dangin miji sun gano wani abu gare ki. Kin san garin ga." Ya share hannu a jikin rigarsa. "Amma ɗaurin aure na maza ne, a masallaci. Ba a neman amarya wurin. Ni ban hana ki ba. Sauran ki tahi ki ji da mata."

Na koma ciki da ɗan ƙarfin gwiwa, na sami Goggo Tamba a ɗakin Inna, na faɗa mata yadda muka yi da Baba. Na ce ranar Asabar da safe zan je in zana jarabawata in dawo kafin a kai ni, kuma a yi mini lalle ko'ina amma ban da yatsu, saboda na'ura.

Goggo ta ajiye kofin furar da take sha. "Hita? Amarya cikin lalle ta hito titi ta hau mota ta tahi Birnin Kebbi, maza na kallonta? A gidan wa kinka ga an yi haka?"

"Goggo, jarabawa ce."

"Kuma wai da hwararen yatsu. Ke ko kunya. Hwarin hannu sai mai takaba. So kike ki yi wa yaron mutane mugun hwata tun ba a kai ki ɗakinshi ba? Dangin miji su buɗe mayahi su ga hannu kamar na mai wankau, su ce gidan Bawa ba su san biki ba?"

Na juya wajen Inna. Tana zaune a bakin gado tana tsintar shinkafa a faranti, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ni ce ɗiyarta ta fari, kun san yadda abin yake. Tunda aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" ce ko "'yar nan." A gaban mutane ba ta shiga maganata, ko daidai nake ko kuskure. Na san haka tun ina ƙarama, amma ranar sai da ya ƙona mini rai kamar ban taɓa sani ba.

A mota muna komawa na rubuta wa Musaddiq, "Ka san ranar da kawunka ya kai?" Ya turo mini hoton zuciya har uku, da "Amaryata." Na sake rubutawa, "Tambayarka na yi." Washegari da safe, kamar babu abin da ya faru, sai ga kalmar safe ta shigo, "Practise." Na kalli wayar nan kamar in maka ta da bango. Na rubuta masa da Hausa tsantsa, "Ka zo yau bayan la'asar."

Ya zo. Shadda ruwan toka ta sha guga, hula zanna, agogo, turarensa ya riga shi shigowa falon Goggo. Da, in zai zo, zoɓo nake haɗawa mai abarba da kanumfari, in soya cincin, in sa turaren wuta. Ranar ruwan randa na zubo masa a kofin roba, na zauna a kujerar da ta fi nisa da shi, da hijabin sallata.

"Yau kuma fushi ake da ni?" ya ce yana murmushi.

"Wa ya zaɓi ranar?"

"Kin san manya, su ne suke..."

"Baba ya tambayi kawunka har sau biyu. Ya ce kai ne."

Ya shafa gemu. "To, ni ne. Shafa'a na yi, Ummu. Aiki ya yi mini yawa a ofis, ranar ta kwanta mini."

"Kai ka karanta mini ita. Kai ka ce za ka kai ni ka jira ni a ƙofa. Ko ranar haihuwata ka taɓa mantawa, ban ce komai ba. Wannan ba ka manta ba. Kalle ni ka ce ka manta."

Bai kalle ni ba. Ya juya makullin mota a hannunsa, ya juya, ya juya. Can ya sauke murya.

"Hajiya ce ba ta son maganar aikin jinyar nan. Ta ce ba za ta ga matar ɗanta tana kwana a asibiti tana taɓa mazan mutane ba. Na yi ta lallashinta ta ƙi. Ni kuma ba na son in ce miki ki bari, na san za ki ji ciwo. Sai na ga in abin ya zo a haka, babu wanda ya hana wani. Baɗi in Allah ya kai mu, in hankalinta ya kwanta, sai ki sake."

"Baɗi."

"Eh mana. Shekara ɗaya ce."

"Ka san Baba ya ce wannan ne na ƙarshe. Ka san baɗi ina gidanka, ƙarƙashin Hajiyar da ta ƙi yanzu, wataƙila da ciki. Duk ka lissafa wannan."

"Haba Ummu, kina magana kamar na yi miki mugunta. Turancin ne? Ni zan ci gaba da koya miki a gida, har ki fi Malamar taku."

'Yan uwa, wannan ne ya fi yi mini ciwo. Da ya zo ya ce mini, Ummu, uwata ba ta so, zaɓi tsakanina da karatu, da na yi kuka na kuma girmama shi. Amma mutumin nan kullum safiya yana turo mini kalma, yana kirana Malama nas, yana kallona ina haddace jela da rakiya kamar mahaukaciya a madafa, alhali ya riga ya shirya yadda ba zan shiga ɗakin jarabawar ba. Kuma ya shirya shi ta yadda ba shi zai hana ni ba. Goggona ce za ta hana ni, da dangina, da kwanon lalle, shi kuwa yana gefe da farar shaddarsa yana cewa Allah sarki.

Na miƙe. "Ranar Asabar da safe ina ɗakin jarabawa, da yatsuna farare. Ku ɗaura aure ko ku fasa, wannan na maza ne, an ce ba a nemana a wurin."

"In kika fita cikin lalle, danginmu za su ɗauka raini ne. Ba zan iya tare miki wannan ba."

"Yaushe ka taɓa tare mini wani abu?"

Ya tashi ya fita, ko ruwan bai sha ba. Na ji tashin motarsa, na koma ɗaki na kifa kai a filo na yi kuka mai isata. Masu tambaya me ya sa ban ce na fasa ba, ga amsarku, ina son shi. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ina jin haushinsa kamar in shaƙe shi, kuma in wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi ina fatan shi ne.

Makonnin da suka biyo baya, ni da littafi ne. Goggo ta daina yi mini magana sai ta kama dole, ta bi ta kan tela da masu gyaran jiki. Aka kawo lefe, akwatuna aka jera a falo, mata na ɗaga leshi suna santi, ni ina ɗaki ina cike gurbi a tsofaffin tambayoyi. Kalmar safe ta daina zuwa, ni ma ban nema ba. Da Malama Ɗayyaba ta yi mana gwaji na ƙarshe, a ɓangaren jela da rakiya ko ɗaya ban faɗi ba. Ta duba takardata, ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Wa ya taɓa ki?" Na ba ta labari. Ba ta zagi kowa ba. Cewa kawai ta yi in na iya fitowa ranar Juma'a da yamma, ɗakin 'ya'yanta na nan, kuma ita za ta raka ni har ƙofar makaranta.

Yau Laraba, yau aka yi kamu a Argungu. An lulluɓe ni da zane saƙi, an fesa mini turare, an zaunar da ni a kan sabuwar tabarma a ɗakin Inna. Ɗaki ya cika har baranda. Dangin ango sun zo mota biyu, a gabansu ƙanwarsa Sharifa, ta sha leshi ruwan hoda da gwaggwaro kamar zai taɓo rufi, waya a hannu tana ɗaukar komai don ta tura wa Hajiyarsu. Hodi mai ƙunshi, wadda ta yi wa kusan duk amaren unguwarmu, ta zauna a gabana da kwanon kwaɓaɓɓen lalle da ledoji da tsumma.

Na miƙa mata ƙafafu, ta yi musu tsaf ta ɗaure. Na miƙa mata damatsa da bayan hannu, ta zana furanninta. Da ta ce, "Buɗe tafi, amarya," sai na dunƙule hannuwana biyu na ɗora a cinya.

Ta ɗauka wasan amare ne, irin wanda sai dangin ango sun ba da tukuici. Aka yi dariya, wata daga cikinsu ta ajiye abin da ta ajiye a faranti. Hodi ta sake cewa in buɗe. Na ce, "Ban da yatsu." Ban ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

Dariya ta ɗauke. Sharifa ta matso da wayarta. Goggo Tamba ta ratso cikin mata ta durƙusa a gabana, ta kama hannuna na dama tana ƙoƙarin ɓamɓare yatsun, tana magana ta cikin haƙora. "Kada ki kunyata mu gaban baƙi. Buɗe, don ubanki." Farcenta ya shige mini fata. Na cije leɓe, hawaye na zuba a cikin lulluɓi, ban buɗe ba. Wata tsohuwa daga dangin ango ta ce, "Ikon Allah. Wannan wace irin tarbiyya ce?"

Sai na ji an ce a ba da hanya. Inna ce. Ta fito daga madafa da hayaƙi a jikin zanenta. Na san me ke tafe, na rufe ido ina jiran mari, don ban ga laifinta ba in ta yi. Ta tsaya a kaina. Sai na ji ta zauna a kan tabarmar, kafaɗarta na gogar tawa, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban mutane. Ta cire hannun Goggo daga nawa a hankali, ta ɗora tafinta mai kaushi a kan dunƙulen hannuna ta rufe shi.

"Hodi, abin da kinka yi ya isa," ta ce. "Yatsun Ummu Hani ba a taɓa su sai ta gama abin da ta sa gaba."

Sunana. A bakin Inna, a gaban cikakken ɗaki. Wata ta ja salati, Goggo ta zauna daɓas a ƙasa. Ni kuwa kukan da nake riƙewa ya ƙwace mini, na kifa kai a kafaɗarta. Ba ta rarrashe ni ba, ba ta kuma janye hannunta ba.

Sharifa ta sauke wayar, ta tattara gwaggwaronta ta fita waje tana danna kira. Sauran dangin ango suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, ko shinkafar da aka zuba musu ba su taɓa ba. Motocinsu dai ba su tashi ba, suna nan a ƙofar gida tun azahar.

Ina zaune a ƙuryar ɗaki nake rubuta muku wannan, ƙafafuna ɗaure cikin leda, yatsuna goma farare tas. Musaddiq bai kira ba, saƙo ɗaya ya turo ɗazu, "Kin kyauta." Baba yana rumfar albasa.

Yanzu kuma na ji tsayuwar wata mota, tsakar gida ta yi tsit. Na ɗaga labule kaɗan na leƙa. Uwar ango ba ta taka gidan amarya a kwanakin biki, kowa ya san wannan, ko a ƙauye ko a birni. Amma ga Hajiyar Musaddiq nan tsaye a tsakar gidanmu, daga Gesse, da mayafinta har ƙasa. Ba ta gaida kowa ba. Ta sunkuya ta ɗauki kwanon lallen da Hodi ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce a nuna mata ɗakin da nake.

Inna ta miƙe ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin.